Mu Ba Ma Cin Tarwaɗa

Fatakwal

Ƙarfe biyar saura kwata na asuba mu 'yan Arewa muka bar Fatakwal a bayan motar katako, shekarar da gari ya rikice aka ce kowa ya koma garinsu. To, ni ina ne garinmu? A nan aka haife ni, a nan nake ɗinki, Hausata duk ta cakuɗe da yaren Ibo. Abin da na riƙe kawai, marigayi babana kan ce mu mutanen Tabkin Alu ne, ƙauyen da ban taɓa gani ba.

Anacha

Da la'asar muka shiga unguwar Fegge bayan shinge bakwai. A na ƙarshe ni na lallashi masu gadi da yarensu suka bar mu. Maimakon godiya sai kallon gefen ido daga abokan tafiyata. Alhaji Sani mai goro, jagoranmu, na ji shi yana cewa, "Anya wannan telan namu ne?" Abin ya ƙona min rai ƙwarai.

Inugu

Washegari da azahar muka isa unguwar Abakpa. Mota ɗaya ta rage mai zuwa Arewa, Alhaji ya ce sai wanda aka san asalinsa zai hau. Ni kuwa ba mai shaidata.

Wata tsohuwa a cikinmu, Iya Ladi, ta dafa busasshiyar tarwaɗar da ta sayo a Anacha, tana rabawa. Yunwa na cina, amma na janye hannu.

"Kun gani?" in ji Alhaji. "Ko abincinmu ba ya ci!"

"Me ya hana ka, ɗan nan?" Iya ta tambaya.

"Baba ne ya hana mu, Iya. Bai faɗi dalili ba."

"Ina ne garin uban naka?"

"Tabkin Alu."

Ta ajiye ludayi. "Can aka kai yayata aure. Shekarar fari, tarwaɗa kakan mutanen garin ya gani a laka, ya haƙa wurin ya sami ruwa. Tun ranar ba sa cin ta. Alhaji, ba shi wuri."

Alhaji ya gusa, na hau motar.

Gida

Kwana huɗu na yi kafin na isa, mil shida na ƙarshe a ƙasa. Na faɗi sunan babana, wani dattijo ya kama hannuna ya kai ni bakin tabkin. Ga tarwaɗa manya-manya suna yawonsu, ba mai taɓa su. Nan na durƙusa na yi kuka sosai.

Na gode wa Allah da ya kawo ni. Iya Ladi, Allah ya saka miki da Aljanna.