Fayil Ɗaya Tal na Baba Akawu

Shekara goma sha biyu ke nan ina shara a ofishin wani kamfanin motocin ɗaukar kaya, tun bayan rasuwar maigidana, Allah ya jiƙansa. Ɗaki uku ne da baranda. Cikin ma'aikatan nan duka, wanda na fi sanin ƙarƙashin teburinsa shi ne Baba Akawu, mai buga wasiƙu. Da tsintsiyata ta iso sai ya ɗaga ƙafafunsa biyu sama, bai kalle ni ba, bai fasa bugu ba, ya ce, "Sannu da aiki, Iya."

Da tafireta ya fara aiki, shi ya sa har gobe dukan madannan kwamfuta yake yi kamar sun yi masa laifi. In ya kai ƙarshen layi sai hannunsa na hagu ya tashi neman ƙarfen nan na tafireta, in bai same shi ba sai ya wayance da sosa kunne.

Ina nan ran da aka kawo kwamfutar. Wanda ya kawo ta ya nuna masa abu uku: nan za ka buɗe, nan za ka yi rubutu, nan za ka danna ta adana. Sai aka kira mutumin a waya, ya fita, bai sake dawowa ba. Baba ya riƙe ukun nan gam. Bai taɓa sanin ana buɗe sabon fayil ba. Kowace wasiƙa sai ya gangara ƙasan ta jiya ya ɗora. Shekara goma sha ɗaya, fayil ɗaya, shafi ɗari tara. Kuma ba ya ɓata. In manaja ya ce ina wasiƙar tayoyin bara, sai ya ce, "Shafi na ɗari bakwai da goma, bayan ta'aziyyar surukin direba." A duba, tana nan.

Bana aka kawo mana sabuwar shugaba, mace mai kirki amma ba ta son jira. Ta liƙa takarda a bango mai shawarwari biyar. Ni karatuna bai yi nisa ba, amma ta ukun na iya karanta ta: a riƙa ajiye kwafin aiki duk ranar Juma'a. Sauran ma'aikata ko kallo takardar ba ta ishe su ba. Baba kuwa mutum ne mai bin doka. Duk Juma'a kafin ya tafi masallaci sai in ga ya gyara zama, ya danna nan ya danna can, kwamfutar ta yi ta nishi, ya miƙe ya ce, "Alhamdulillahi, an yi kwafi."

Daga nan na lura kwamfutar ta fara nawa. Da, kafin ya rataye hularsa ta buɗe. Sati na biyu sai na gama share ɗaki ɗaya kafin ta buɗe. Sati na uku har baranda na goge. Litinin ɗin da ta biyo Juma'a ta huɗu kuwa, wani ɗan da'ira ya fito a tsakiyar allo ya yi ta juyawa, daga ƙarfe takwas har sha ɗaya.

Ranar ce kuma shugaba take neman wasiƙar yarjejeniya da mai ginin da muke ciki, don mutumin zai zo ƙarfe huɗu, kuma wadda ke kan takarda, ruwa ya ci ta tun daminar da rufi ya yi yoyo.

"Baba, ba raini ba ne," in ji ta, "amma in huɗu ta yi babu wasiƙar nan, wani zan sa a kujerar nan, kai ka koma sito wajen tayoyi."

Na dai ga ya ɗora tafin hannunsa a kan kwamfutar kamar mai jin zazzaɓin jika.

Aka kira Anti mai gyara daga shagonta na ƙasan bene, mace mai jiki da murya. Ta zauna, kujerar Baba ta yi ƙara.

"Kwantar da hankalinka, Baba. Kana da kwafi?"

"Kwafi? Har huɗu na yi."

"Kai, madalla! Kai kaɗai ne mai hankali a ginin nan. A ina ka ajiye?"

"A cikinsa mana. In na kwashe tun daga shafin farko har ƙarshe, sai in sauke a ƙasan wasiƙar ƙarshe. Ga shi wuri ɗaya, ba ya ɓata."

Anti ta cire gilashinta ta dube shi. Ta dube ni. Ni dai na ci gaba da goge tagar da na riga na goge.

"Baba, duk Juma'a duka kake kwashewa? Har da kwafin makon da ya wuce?"

"To in bar shi ba kwafi? Shi ba aiki ba ne?"

Ta yi lissafi da yatsu, ta ce ɗari tara ya zama dubu ɗaya da ɗari takwas, wannan ya ninka, ya sake ninkawa, ya kuma ninkawa. "Shafi dubu goma sha huɗu da ɗari huɗu ka ɗora wa tsohuwar nan! Ni in aka ɗora min haka ko gaisuwa ba zan amsa ba. Kwafi a wani wuri ake ajiye shi, Baba. Wa ka ga ya kulle ɗaki ya bar makullin ko-ta-kwana a ciki?"

"Takardar ba ta ce wani wuri ba," in ji shi, a hankali. Na je na duba. Gaskiyarsa ne, ba ta ce ba.

Anti ta zuba fayil ɗin a wani ɗan filas na ajiyar fayil, kamar yatsa, ta sauka da shi shagonta inda take da babbar kwamfuta. Baba ya bi ta. Azahar ta yi, ya yi salla a bakin shagon, ya dawo ya tsaya a bayanta. Abincin da matarsa ta aiko ya huce a kan tebur. Ni ma ban iya tafiya gida ba, na zauna a matakala ina jan carbi.

Huɗu saura kwata na ji Anti ta ce, "Ya buɗe! Wane shafi?"

"Ɗari uku da sittin da biyu."

Ya hau bene da takardar a hannu, yana haki. Shugaba ta karanta, ta gyaɗa kai.

"Akwai sauran goma sha biyar irinta, ranki ya daɗe, in ana so."

"Ɗaya ta isa, Baba. Koma kujerarka."

Washegari ta ɗauki biro ta ƙara kalma uku a takardar bango: a wani wuri. Anti kuma ta koya masa buɗe sabon fayil, ta ce ya bari ta goge kwafi sha biyar ɗin da dannawa ɗaya. Ya ƙi. Ya ce bai taɓa yar da takardar ofis bai karanta ba, ba kuma a kansa za a fara ba. Fayil ɗin yana can shagon Anti. Kullum in an tashi sai ya sauka ya ja kujera, ya karanta wasiƙa, ya gwada ta da ta asali, sannan ya goge. Anti ta ce yanzu yana tsakiyar kwafi na biyu, kuma ta saya masa matashin zama.