Odessa Ba Ta Yarda An Cinye Su Ba

Odessa Pruitt ƙawata ce tun muna 'yan mata, lokacin da iyayenmu suka taso daga kudancin Amurka suka zo aikin ƙarfe a wannan gari namu na bakin tafki. Layinmu ɗaya, cocinmu ɗaya. Tuƙin bas ɗin gari ta yi har ta yi ritaya, kuma duk wanda ya taɓa shiga motarta ya san dokarta: ba a ɗora ƙafa a kan kujera, ba a kushe ƙungiyar garinmu ta ƙwallon nan irin na Amurka. Ta taɓa taka birki a tsakiyar gada ta ce wa wani mai kwat ya zaɓa, ko ya janye maganarsa ko ya ƙarasa da ƙafa. Janyewa ya yi.

Tsakani da Allah, ƙungiyar ba ta cancanci wannan ƙauna ba. Shekara da shekaru sai dai a lallasa mu. Mijinta Clemon ne ya saba mata da filin wasa, suna da kujeru biyu can ƙololuwa inda iskar tafki ke yanka kunne. Da ya rasu ta ƙi sakin kujerarsa, ta ɗora ni a kai, ni Vernice da ban san komai a wasan ba sai ganin ƙarti da hular kwano suna danne juna a kan ƙwallo.

Wata shekara, sanyi na wucewa, aka yi mata aikin zuciya. Ɗanta Rondell ya taso daga Atlanta ya tare a gidan yana jinya. Yaron kirki ne, sai dai ya cika lissafi. Ya ce ta gama hawa matakalar filin nan, za a saki kujerun, kafin sanyi ya dawo kuma za ta koma wurinsa da zama. Odessa ba ta ce uffan ba. Shi kuwa ya ɗauka shirun amincewa ne. Don ya ƙara tabbatarwa sai ya ɓoye makullin motarta.

Ranar Asabar ɗin da za a yi wasan share fage na farko, cikin zafin Agusta, na ji ana ƙwanƙwasa mini taga. Ita ce, cikin tsohuwar rigar ƙungiya da ta koɗe, da jakar gasasshiyar kaza da burodin masara a hannu. Rondell ya fita sayo mata magani.

"Ke Odessa, wasan nan fa ko a lissafi ba ya shiga. A kansa za ki kashe kanki?"

"Saka takalminki, tsohuwa. Ya ɓoye wa direbar bas makulli, ya manta akwai bas."

Haka muka tafi. Direban da ya ɗauke mu ma ita ta koya masa aiki, ya ƙi yarda mu biya.

Matakalar ta ba ta wuya, ba zan ɓoye ba. Tana hawa tana tsayawa, ta dafa ƙarfe ta ce wai tafki take kallo. Na ce mu nemi wuri a ƙasa tunda rabin filin babu kowa, ta harare ni. Da muka kai ta zauna tana haki, ta shafa kujerar Clemon, sannan ta ce in zauna.

Manyan 'yan wasa ba su daɗe a fili ba. An ɗan taɓa, suka cire huluna suka koma gefe suna hira, kada a ji musu rauni a banza. Aka bar samarin da ke neman gurbi, waɗanda yawancinsu za a sallama kafin a fara kakar wasa. Baƙin da suka zo karawa da mu suka yi ta zura mana maki. Kafin hutun rabin lokaci sun ba mu tazarar ashirin da wani abu, mutane suka fara zarewa.

Odessa kuwa lokacin ta miƙe tsaye. Ta tsinci wani ɗan tsurut mai lamba talatin da takwas, ba wanda ya san sunansa, ta laƙaba masa Gajere. Duk lokacin da aka ba shi ƙwallo sai ƙarti su haɗu su binne shi, shi kuma ya tashi ya karkaɗe jiki ya koma layi. Ita kuma tana ta kwarara masa kirari, da muryar nan da ta saba tsawata wa fasinja.

A bayanmu akwai wani mai jan gemu sanye da rigar ƙungiyar baƙin, ya sha ya yi tatil. Ya ce, "Mama, zauna ki huta mana. Ko kocinku bai damu da wasan nan ba. Yaron da kike wa ihu, mako mai zuwa kwali zai koma ɗauka a kanti."

Ta juya a hankali ta dube shi sama da ƙasa.

"Ɗana, shi ya sa nake yi masa ihun yau. Kai da ka zo kallon waɗanda suka riga suka ƙoshi, ga su can a benci, je ka yi musu fifita."

Mutanen da suka rage a wurin suka kwashe da dariya, har shi mai gemun.

A zango na ƙarshe aka jefa wa Gajere ƙwallo. Ya cafe, ya sulle ta ƙarƙashin hannun wani ƙato, ya zuba a guje har ƙarshen fili. Maki shida. Odessa ta rungume ni har gilashina ya faɗi. Muna cikin murna sai ga alƙalin wasa ya jefa ƙyallensa rawaya, wai wani namu ya riƙe rigar abokin hamayya, an soke cin. Abin da ta faɗa wa alƙalin nan ba zan maimaita ba, ni mai zuwa coci ce.

Ba mu lura ba ashe hadari ya haɗo ta kan tafki. Walƙiya ta keta, aka yi sanarwa kowa ya shiga ƙarƙashin rumfa. Sai da na ja ta da ƙarfi ta sauko, kuma kafin mu kai mun jiƙe sharkaf. Muka jira, muna cin kaza a tsaye. Can aka sanar cewa an dakatar da wasan gaba ɗaya, ba za a dawo ba.

Mai jan gemu ya zo wucewa ya ce mata sannu da shan kaye. Ta ce kaye a ina? Ba a busa tashi ba, da sauran lokaci a agogo, yaranta sun fara ɗumi ke nan ruwa ya ceci baƙi. Ya ce tazarar fa? Ta ce ya je ya tambayi hadari.

A bakin ƙofa muka tarar da Rondell da lema, idonsa jajir. Ya zagaya asibiti da coci kafin ya gane inda muke. Ya fara faɗa, yana cewa da ta faɗi a matakalar nan fa? Ta bar shi ya gama.

"Da na faɗi, da ka san inda za ka same ni. Rondell, likita ya gyara zuciyar nan don in yi amfani da ita ne. Ba zan je Atlanta in zauna a bakin taga ina kallon motoci ba."

Ya cire rigarsa ta sama ya yafa mata, muka shiga mota. Sai da muka kusa gida ya tambaya, ƙasa-ƙasa, nawa da nawa aka tashi. Ta ce ba a tashi ba.

An sallami Gajere bayan mako biyu. Odessa ta kira shirin wasanni na rediyo ta wanke masu ƙungiyar tas, har mai gabatarwa ya rasa ta inda zai katse ta. Rondell ya koma Atlanta shi kaɗai, bayan ya sa likita ya gindaya mata sharaɗin hawa a hankali da shan magani kafin fita. Wannan ta karɓa. A kakar nan an cinye mu fiye da yadda muka ci, kuma duk wasan gida muna can sama, ni da ita da bargo, har dusar ƙanƙara ta fara zuba.