Baturiyar Da Malam Yake Yi Wa Tafinta

Mu biyar ne ranar a falon maƙwabciyata a unguwar Trikania: ita mai ɗakin, Kirista 'yar kudancin jihar nan da kowa ke ce wa Mama, da mijinta, tsohon makanike, da 'yarsu mai aikin nas, da surukata, sai ni, da na biyo surukar in kora ta gida don ta bar tukunya a kan wuta. Shekarar da soja suka sake komawa bariki ce, unguwa duk ta haukace da kaset ɗin bidiyo na haya. Ni ba na kallo. Tun rasuwar maigidana Malam na lulluɓe talabijin ɗinmu da zane.

Na buɗe baki zan yi faɗa ke nan, sai ga wata tsohuwar Baturiya a akwatin talabijin. Ta ajiye kofin shayi, ta taɓa kunnenta na hagu, sannan ta yi magana.

Na ce, "Na san matar nan."

Makanike ya ce, "A ina, Hajiya? Kasuwar Kakuri ko Makka?"

Na ce, "Tun tana budurwa na santa, lokacin kana da gashi a ka."

A mulkin farar hula na farko, Malam yana aiki a masaƙa, ya sayo talabijin marar kala. Duk mako ana nuna wasan Turawa, Baturiyar nan ce yarinyar ciki, siririya mai tsiwa. Ban yi boko ba, shi ke yi mini tafinta, kuma tafintar ƙarya. Da ta taɓa kunne sai ya matso ya ce, "Ta ce miyar kukarki ko a Ingila babu irinta." Wani lokaci, "Ta ce ki saki fuska, gidan nan ba bariki ba ne." Sarai na sani. Ba na dariya a gabansa, sai na shiga madafa.

Hotonsa yana nan a bango, amma muryarsa ta daɗe da ɓace mini. In zauna in nema, babu. Ranar nan da tsohuwar ta sake kai hannu kunne, wallahi na ji muryar tana tahowa, har da 'yar gyaran muryar da yakan fara yi.

Sai nas ta ce, "Hajiya, cewa ta yi ɗanta ya sayar da gidan."

Shi ke nan, muryar ta katse.

Na ce, "'Yar nan, wa ya tambaye ki?"

Mama ta dube ni, ta daɗe. Ita ma ta zauna kallon nan a ɗakina a da, ta sha jin ƙaryar Malam. Da ta rako ni ƙofa ta ce a hankali, "Sai gobe da azahar za a mayar da kaset ɗin. Da safe kuwa duk sun fita."

Washegari da hantsi na yafa gyale na shiga. Mama ta mayar da kaset baya, ta kashe sautin gaba ɗaya, ta kwashi wankinta ta fita tsakar gida. Na zauna a gefen doguwar kujera, na bar wuri a damana. Baturiyar ta tsufa, wuya ya saki kamar nawa. Ta ajiye kofi, ta taɓa kunne.

Malam ya gyara murya. "Ta ce har yanzu ba ki saki fuskar nan ba."

Wannan karon ban tashi zuwa madafa ba. A nan na yi dariyata.