Takardun da Na Ƙunshe Sukari da Su

Ni ne mai laifi, kuma na san da haka tun kafin in hau mota. Gara in faɗa tun farko, kada mai karanta labarin tafiyar nan ya ɗauka yawon buɗe ido ya kai ni Yamai.

Autanmu, wanda na girma da shekara goma sha biyu, da ya gama lise, wato babbar sakandare, sai ya ce shi kiɗa zai karanta a jami'a, wai tsara shi da rubuta shi. Ni da na tsaya a aji shida na firamare na gaji shagon mahaifinmu a kasuwar Filinge, abin da kunnena ya ji shi ne ɗan gidanmu zai zama maroƙi. A ƙasarmu ta Kurfai kowa ya san gidajen da suka gaji kalangu da waɗanda suka gaji goge, kuma namu ba ya cikinsu. Na hana, bai hanu ba. A hutun shekararsa ta biyu ya zo gida, ya yi wata guda yana zama kusa da Inna, mahaifiyarmu, in tana daka ko niƙa. Tana waƙa, shi kuwa yana cika wani babban littafi da layuka biyar-biyar da baƙaƙen ɗigo masu wutsiya. Inna ta ƙi a ɗauki muryarta a waya. Ta ce muryarta ba za ta yi yawo a aljihun maza ba, amma in rubutu ne ya rubuta.

Wata rana ya manta littafin a shago. Na yage shi ganye-ganye na ƙunshe wa mutane sukari da shayi da kanwa. Ba kuskure ba ne, na san nasa ne. Da ya zo nema, sai na ce a gaban masu zama bakin shagona ai yau karatunsa ya yi wa Filinge amfani. Aka yi dariya. Washegari ya koma Yamai. Inna ta rasu kafin wani hutun ya zagayo. Ya zo zaman makoki, amma a gidan ƙanwarta, wadda muke kira Iya, yake kwana. Tun daga nan ban da gaisuwar baki babu abin da ke haɗa mu.

Da lokacin gabatar da aikinsa na ƙarshen lisans, wato digirin farko, ya yi, Iya ya aika wa, ba ni ba. Ta sa aka kira ni.

"Ƙahwata ba ta iya tahiya ni ɗai. Kai za ka kai ni."

"Iya, ba a gayyace ni ba."

"Ni ma ban gayyace ka ba. Jakata za ka riƙa."

Mun tashi da asuba, ana sallame salla muka nufi tasha, amma sai da gari ya waye tangaran ƙaramar bas ɗin ta cika. Kuɗin mota ya ƙaru kan yadda na sani, direba ya ce mu tambayi masu sayar da mai. An ba Iya gaba saboda shekarunta, ni kuwa aka cusa ni baya tsakanin wani mai sayar da fata da buhun wake, jakarta a kan cinyata. Jakar nan ta yi nauyi fiye da kima. Daga baya na gane surfaffen gero ne da ƙullin kuka da kwalbar man shanu, don a ganinta ba wanda ke ƙoshi a Yamai.

Hanyar ta bi kwarin da muka saba gani, tsaunuka jajaye daga nesa, gawo da goriba a warwatse cikin gonakin da aka riga aka kwashe kara. Tun da sojoji suka karɓi mulki, da ma kafin nan saboda rashin tsaro, shingaye sun yi yawa a hanyar. A kowanne sai a sauka, a nuna kati, a taka ƴan taku, a sake hawa. A shinge na biyu wani jandarma ya tambayi Iya ina za ta.

"Za ni sauraren jarrabawar kiɗi."

Ya yi dariya ya ce, "Iya, kiɗi ma jarrabawa gare shi?"

"Kai bindigar ga da ita anka haihe ka? Ba koya maka anka yi ba?"

Ya miƙa mata katinta da hannu biyu. Duk motar ta yi dariya ban da ni, don tambayar jandarman ita ce tawa shekara uku.

A Bonkuku lokacin cire dankali ne, buhuna jere a bakin hanya, mata suna ta miƙo ƙananan tasoshi ta taga. Ya fi na Filinge araha nesa ba kusa ba. Ranar ta zo daidai da kasuwar Baleyara, saboda haka tun daga nesa muka shiga cikin garken shanu da raguna da amalanke, mota na tafiya kamar tana jin kunya. Nan Hausa ke ja da baya, Zabarmanci ya karɓi gari. Na leƙa layin masu hatsi don hali na ɗan kasuwa, na tarar tiyar gero ta ɗara tamu kaɗan. Na saya wa Iya kopto, wato kwaɗon zogale, na dala ashirin, ta ci ta ce ƙulin bai ji ba, amma ba ta rage ba. Ni na sayi ƙosai. Mai ƙosan ta ƙunshe mini a takardar makaranta, rubutun wata ɗaliba da jan biron malami a gefe, mai ya jiƙa rabinsa. Na ci ƙosan, amma na kasa yar da takardar. Na ninke ta na sa aljihu kamar wani zai zo nemanta.

Mun shiga Yamai bayan azahar, zafi ya fara. Muka sauka gidan wani ɗan garinmu, da la'asar muka ƙetare gada zuwa jami'a. Mun tarar da su Auta suna gwaji a wani ɗaki mai faɗi. Auta ya rame, ya tara ƙasumba. Ya durƙusa ya gaida Iya ya daɗe, sannan ya ɗago ya ce, "Yaya, an zo lahiya?" Ya karɓi jakar daga hannuna ya koma wajen aikinsa. Iyakar rabona ke nan a ranar.

Wata ɗaliba ƴar ajinsu ta ga ina leƙen takardun da ke gaban makaɗan, ta zo ta yi mini bayani ba tare da na tambaya ba. Ta ce kowane jerin layuka na abin kiɗa ɗaya ne, ga na sarewa, ga na gurumi, ga na piyano. Ɗigon in ya hau sama murya ta hau, in ya sauko ta sauko, wutsiyarsa kuma ke nuna tsawon da za a ja shi. Ta ce tun shekarar farko malami zai buga abu sau biyu ko uku, kai kuma ka rubuta abin da ka ji, in ka kuskure ɗigo ɗaya a rage maka maki. Bayan nan su koyi yadda ake haɗa muryoyi huɗu ba tare da sun yi karo ba, da tarihin kiɗan ƙasashe, a ƙarshe kowa ya tsara nasa ya kuma rubuta dalilinsa. Na tambaye ta mai busa sarewar can ɗan ina ne. Ta ce daga gabas mai nisa ya fito, ko Hausa bai iya sosai ba. Ina tsaye ya duba takarda ya busa, sai ga waƙar da Inna ke yi in tana tankaɗe ta fito daga bakin mutumin da bai taɓa ganinta ba. Na nemi kujera na zauna.

Washegari da hantsi aka yi gabatarwar. Malamai uku a teburi, ɗalibai da ƴan uwa a baya. A kan dandamali ga piyano, ga goge, ga gurumi da sarewa, a tsakiya kuma ga turmi da taɓare uku da gero na gaske, wanda Iya ta kawo. Ƴan mata uku suka fara lugude, sauran kayan kiɗan suna shigowa ɗaya bayan ɗaya, Auta a gaba yana nuna musu da hannu. Babu kirari, babu sunan wani mai kuɗi, babu wanda ya tashi yin liƙi. Iya ta karkato ta ce mini da muryar da take zaton raɗa ce, "Ta tsakiyar can ba ta taɓa yi ma gida daka ba, dubi yadda taka riƙon taɓarya." Layi uku suka ji, har malami ɗaya ya rufe baki.

Kashi na farko da na biyu na san su duka, na tashi da su. Kashi na uku goge kaɗai ya fara, a hankali, wani sauti da ban taɓa ji ba. Ya tafi kaɗan, ya hau, daidai inda kunne ke jiran ya sauko sai ya tsaya cak. Makaɗan suka aje hannu. Sai da Auta ya juyo ya sunkuya, sannan aka tafa.

Malamar da ke tsakiya ta tambaye shi me ya sa ya bar kashi na uku a yanke, alhali sun san ya iya ƙarasawa. Faransancina na aji shida ya ishe ni in gane amsarsa, na so a ce bai ishe ni ba. Ya ce ya taɓa rubuta waƙoƙin mahaifiyarsa daga bakinta, littafin ya ɓace. Bai faɗi yadda ya ɓace ba, bai kuma dubi inda nake ba. Ya ce sauran waƙoƙin ya ji su sau ɗari, ya sake rubuta su daga ka. Wannan kuwa sau ɗaya ta yi masa ita. Waƙar da take yi wa ɗanta na fari ce, wanda al'ada ta hana ta kiran sunansa ko nuna masa so a fili, kuma ba ta yin ta sai in ba ya gida. Farkonta kaɗai ya riƙe. Ya ce zai iya ƙirƙiro sauran, an koya masa, amma ba zai sa wa mahaifiyarsa a baki abin da ba ta faɗa ba.

Ni ne ɗan farin. Shekara da shekaru ina ɗauka Inna ta fi son Auta, don shi take wa wasa, shi take kira da suna, ni kuwa "wancan" ko "mai shago". Ban taɓa faɗa wa kowa ba, amma wannan yana cikin abin da ya sa na yage littafin, ba maganar gadon roƙo kaɗai ba.

Ya ci, da yabo. Aka yi hotuna, Iya a tsakiya. Na matsa kusa da shi sau biyu da niyyar magana, duka biyun abin da ya fito daga bakina shi ne "Allah ya sa albarka." Ya ce amin. Ya raka mu tasha washegari, ya gyara wa Iya wurin zama, ya tafi.

A hanyar dawowa na roƙi wani ya yi musanyar wuri da ni na zauna bayan Iya. Sai da muka wuce Baleyara na iya tambayarta ko ta san waƙar.

"Na san tana yi. Ban riƙe ba. Ta ɗan hwari ba a taya mace, in ta hwara sai a ba ta wuri."

"Me ya sa ba wanda ya taɓa faɗa mini?"

"Wa za shi hwaɗa maka? Ita da ko sunanka ba ta iya kira?" Ta gyara lulluɓi ta ƙara da cewa, "Auta ɗai ya samu hanyar kawo maka ita."

 Mun iso Filinge ana kiran la'asar.

Abin da tafiyar nan ta koya mini ba shi da yawa. Na gane akwai karatun da aikinsa adana abin da ba a iya riƙewa da hannu, kuma mutum zai iya raina abu don kawai bai iya karanta shi ba. Na kuma gane cewa na kasa ba da haƙuri a Yamai ne don ina neman lungu, alhali laifin a bainar jama'a na yi shi.

Saboda haka da safe, da masu zama bakin shago suka hallara, mafi yawansu waɗanda suka yi dariya a ranar ne, na ce su dakata da shayi. Na kira Auta, na buɗe muryar wayar yadda kowa zai ji, na gaya masa su wa ke wurin. Sannan na ce:

"Auta, littafinka bai ɓace ba, ni na yage shi, da gangan, a nan inda nake zaune. Na san naka ne, na kuma yi maka dariya a gaban mutanen ga. Na kira ka maroƙi, alhali kai ne ka zauna ka saurari Inna lokacin da ni nake awon sukari. Abin da na ɓata ba ni iya maido shi, ba kuma ni cewa ka manta. Ka rufa mini asiri gaban malamanka, ni ko ban rufa maka ba gaban kowa. Gidan nan naka ne, ɗakin Inna yana nan yadda ta bar shi. Don Allah, ƙanena, ka yafe mini."