'Yar Tsanar da Ba Ta da Ido

Manchester

Ina idar da sallar asuba na saɓa jakata. Baban Amira, maigidana, yana kan dadduma ya ce, "Yanzu fisabilillahi har Birmingham saboda 'yar tsana? Waɗanda suka cika mana kabad ba su isa ba?"

"Kai dai ka kula min da Inna," na ce. "Shayinta ba sukari."

Gaskiyarsa ce, tara tsofaffin 'yan tsana na tsumma ya zame min jaraba. Amma wannan daban take. Inna, mahaifiyata, mun ɗauko ta daga Kano bayan shanyewar ɓarin jiki. Hannu ya warware, magana ta ƙi, daga "to" sai "a'a". Likita ya ce a nemo mata abin da ta saba da shi. Ita kuwa da ƙuruciya 'yan tsana take ɗinkawa da ƙyallen saƙi, kuma ba ta taɓa yi musu fuska ba, don malaminsu ya hana yin cikakkiyar sura. Kwatsam na ga hoton irinsu sak a intanet, a shagon wata Baturiya a unguwar Handsworth ta Birmingham. Ta rubuta wai ba a gama ta ba, za ta sa mata idanu ranar Asabar. Na tura saƙo, shiru. Yau ce Asabar ɗin.

Na hau bas a Oxford Road zuwa tasha, daga ni sai ma'aikatan asibiti masu gyangyaɗi.

A hanya

Babbar bas ta tashi bakwai saura, kuɗin mota fam tara. Ruwa ya tsuge, aka tsare hanya ana gyara, muka dinga rarrafe. Na tambayi direba ko za mu kai kafin goma, lokacin buɗe shagon. Ya ce, "Da sa'a, ƙila." In aka manna mata ido, Inna ko kallonta ba za ta yi ba.

Handsworth

Sha ɗaya ta wuce na tura ƙofar shagon ina haki. Ga tsohuwar Baturiyar, Margaret, da allura a hannu. Ta riga ta ɗinka wa 'yar tsanar maɓalli ɗaya a gurbin ido, baƙi ƙirin, tana zura zaren na biyu.

"Wayyo, tsaya!" na ce da Hausa, Turancin ya gudu.

Da na nutsu na yi mata bayani. Ta dafe ƙirji. Ashe mahaifinta ya yi aikin jirgin ƙasa a Kano, a can aka saya mata ita tana ƙarama. Ta ce, "Duk rayuwata ina jin tausayinta, na ɗauka mai ɗinkin ce ta gaji." Da kanta ta warware maɓallin, a hankali, ko zare ɗaya na saƙin bai ja ba. Fam goma sha biyar ta karɓa, ta ce lallai in gaishe mata da Inna.

Sparkhill

Sai a nan na tuna ban karya ba. Na yi azahar, na ci shinkafa da kaza a Stratford Road, ina ci ina leƙa jaka kamar mai ɗauke da ƙwai.

Gida

Da magariba na iso. Inna tana kujerarta ta bakin taga. Na durƙusa na ɗora mata 'yar tsanar a cinya. Ta juya ta, ta ɗaga ɗankwalin, ta bi ɗinkin ƙafar da farce. Ta daɗe. Sai ta taɓe baki.

"Ba... ba nawa ba ne," ta ce, harshen da nauyi. "Ɗinkin ƙazama."

Baban Amira ya saki kofi. Ni kuwa kuka da dariya suka haɗe min, na rasa wanda zan fara.

Alhamdu lillahi da Ya kai ni Ya dawo da ni, Allah Ya saka wa Margaret. Ban ma cire takalmi ba Inna ta miƙo hannun da ya warke.

"Ke, Hadiza. Allura."