Kantar da Hamma Bamanga Ya Yi wa Adda

Da hantsin ranar Talata, 8 ga watan Maris, 1977, ina cikin aji aka aiko mini cewa Allah ya karɓi ran Malam Bamanga, mijin yayata Mairamu, a gidansa da ke Manawashi, bayan ciwon ƙirji na 'yan kwanaki. Na Allah ne mu, kuma gare Shi za mu koma. Bayan sallar la'asar muka kai shi makwancinsa.

Hamma, tun ranar nake so in faɗi wani abu a kanka, bakina ya kasa. Shi ya sa na ɗauki alƙalami.

Mutanen kasuwar shanu sun san ka da ƙarancin magana. Waɗanda suka zo gaisuwa sun ambaci haƙurinka, da yadda ba ka iya wuce jana'iza ko ta baƙo ce, da yadda kake raba Fulani da mahauta in ciniki ya kai su ga zage-zage. Duk gaskiya suka faɗa. Ni ma a gidanka na zauna da na shigo Gombe neman aikin koyarwa, ba ka taɓa nuna mini cewa ni ƙanin mata ne ba. Amma akwai abin da ka yi a cikin gida wanda 'yan kasuwa ba su sani ba, shi nake so a sani.

Shekarun baya yanar ido ta fara rufe idanun Adda Mairamu. A hankali abin ya zo, har ya zama inuwa kawai take gani. Duk da haka ba ta bar madafinta ba, domin hannunta ya san kayanta. Ƙwaryar gari tana da ɗinki a baki, tukunyar daddawa tana da ɗan tsagu, kowane abu da kamanninsa.

Shekarar da aka yi rabon Udoji, ɗanku Sallau ya zo daga Kaduna da manyan robobi masu murfi, ja da shuɗi da kore, ya juye wa uwarsa kayan abinci a ciki don ɓera da ƙwari. Ƙauna ce ta sa shi, kowa kuma ya yaba. Ba wanda ya lura cewa launi na mai ido ne. A hannun Adda, robobin nan duk ɗaya suke: santsi ɗaya, girma ɗaya.

Da azumi ya zo, rannan ta dama kunun buɗa baki, ga baƙi daga Dukku. Mai azumi ba ya ɗanɗanawa. Ashe gishiri ta zuba a madadin sukari. Ta ji yadda aka riƙa ajiye ludaya. Kai kaɗai ka shanye naka. Washegari ta miƙa wa 'yar maƙwabta muciya, ta shiga ɗaki ta zauna. Mace mai raha, ta koma ba ta magana sai an tambaye ta.

Ni na ce a dawo mata da ƙoren. Ka ce a'a, in aka yi haka Sallau zai ji ciwo, ita kuma za ta ɗauka an yanke mata hukuncin makanta.

Sai ga ka a Herwagana wurin Isaiah kafinta. Shi da bakinsa ya ba ni labari ranar sadakar uku, yana share hawaye. Ya ce maka ka bari ya yi maka kantar, aikin yini ne. Ka ce, "Kai ka san katako, ni na san tsawon hannunta. Ara mini zarto da guduma kawai."

Hamma, kai da ba ka taɓa riƙe komai ba sai sanda da igiyar shanu! Na ga yadda ka yi fama a gindin darbejiyar tsakar gida. Zarto yana karkacewa, ƙusa tana lanƙwashewa, babban yatsanka ya yi baƙi don dukan guduma. Kanta ta farko da ka haɗa, ana ɗora mata robar gero ta durƙusa kamar maraƙin da aka haifa yanzu. Ka zare ƙusoshin ɗaya bayan ɗaya, ka miƙe su a kan dutse. Ka koma wurin Isaiah ya nuna maka yadda ake gicciya katako a baya don ya riƙe. Ka ɗora ƙafafunta a kan duwatsu saboda gara. Ka goge kowane gefe har ya yi sumul, don kada sartse ya shige ta.

Ba da igiyar awo ka auna ba. Ka ce wa Adda ta tashi ta miƙo maka hula daga kan ƙusa, ka lura da inda hannunta ya tsaya, ka yi alama a bango da gawayi. Kowace roba ka yi mata gurbinta daidai cikinta, yadda wata ba za ta zauna a wurin wata ba. A gaban kowane gurbi kuma ka yi tsaga da wuƙa, irin shaidar da ake yi a kunnen shanu, wadda ita ma ta tashi ta sani a rugar mahaifinmu.

Da ka gama, ba ka ce ka yi mata wani abu ba. Ka tsaya a ƙofar ɗakinta ka ce, "Mairamu, tuwon yarinyar nan ya ishe ni. Zo ki duba mini wani abu." Ka kama hannunta ka ɗora a kan tsagar farko. Ta shafa, ta shafa ta gaba. Can ta ce, "Kantar taka ta karkace." Ka ce, "Mai ita ma ya karkace." Ranar na sake jin dariyarta, ranar kuma muka ci tuwon hannunta.

Abin da ke ci mini rai shi ne wannan. Likita ya ce za a iya cire yanar in ta nuna, a asibitin ido na Kano. Adda tana tsoron wuƙa, ka daɗe kana lallashinta har ta yarda. Yanar ta nuna, an sa tafiya ƙarshen watan nan. Ka ce mini kana jin kunya ta buɗe ido ta ga irin aikin da ka yi, za ka shafa masa fenti kafin ku tafi. Gwangwanin fentin yana nan a zaure, ba a buɗe ba. Da ajali yana jira, Hamma, da ya jira ka 'yan makonni. Amma Mai abu ya karɓi abinsa, ba mu da ta cewa.

Jiya na yi mata maganar tafiyar, in ta fita takaba. Ta ce, "Jibrilla, in je in ga wa?" Da na tashi tafiya sai ta kira ni, ta ce, "Ya so in gani. Za ni. Amma kada kowa ya taɓa fentin nan, yadda ya bar ta nake so in gan ta." Na yi maka alkawari, in Allah ya kai mu, ni zan riƙe hannunta har Kano.

Ina miƙa ta'aziyyata ga Adda Mairamu, da Sallau da ƙanwarsa Jumma, da ɗan'uwan mamacin Malam Bobbo, da jama'ar Manawashi, da abokan sana'arsa. Allah ya ba mu haƙurin rashinsa.

Ya Allah, ka gafarta wa bawanka Bamanga, ka yalwata kabarinsa, ka haskaka shi. Ka sauƙaƙa masa tambaya kamar yadda ya sauƙaƙa wa wata rayuwa. Ka sa Aljanna Firdausi ce makomarsa, ka haɗa shi da matarsa a inda ido ba ya dushewa. In tamu ta zo, ka sa mu cika da imani. Amin.