Ƙafar Tsoho Ta Yi Barci

Ni hwa ba ruwana, ina zaune ga rumhwar cajin waya ina cin ƙosai abina, sai ga babana bisa kabu-kabu, ko sallama babu, wai in hau. Gidanmu cike da manya masu gemu, amma ni anka gani.

Kakana ne na wajen uwa, Bafillacen ruga ta can bayan Araba. Ran kasuwar Illela wani bijimi ya maka shi da jikin tirela wurin lodi, ƙashin cinya ya karye. Sun kai shi asibiti, likita na son yi mishi allurar kashe ciwo kahin a miƙe ƙafar a wuce da shi Sakkwato, tsoho ya ƙi. Wai ba ya jin komi. Zuhwa kau na tsiyaya har ga gemu. Matsalar, babana surukinshi ne, kuma tsohon ga gara ya mutu da ya ce wayyo gaban suruki. Jika kaɗai ka iya hwaɗa mishi magana son rai, shi ya sa anka tuna da ni.

Na ce, "Baba, don Allah ɗan jira waje." Da ya hita na duƙa. "Angon kakata, mi kake ɓoyo? Ka tauna bakin rawaninka har ya jiƙe."

"Ɗan banza," in ji shi, da ƙyar. Amma ya ɗaga wa likita kai.

Na ɗauka ga cinyar za a soka. Ina! Can sama, matsematsi, inda ƙafa ta haɗu da ciki. Likita ya shafa wani abu mai santsi, ya ɗora kan na'urar da ake duba masu juna biyu. Na ce tsoho, bari mu gani ko tagwaye ne. Ba wanda ya yi dariya, sai ga hoto ya hito. Wani baƙin zobe na bugawa, dif, dif. Likita ya ce jijiyar jini ce. Gehenta wani ɗan hwarin abu, bai kai hwaɗin hwarcena ba. Ya ce wagga ita ka kwasar labarin ciwon gaban cinya ta kai ma kai, in ta yi barci labari ya tsaya hanya, ƙafar ma ba ta ɗaguwa.

Da idona na ga tsinin allura ya shigo cikin hoton, a hankali, ya kauce ma mai bugawar, magani ya malala ya kewaye hwarin abun. Ni da na bar boko aji biyu na sakandare, ban taɓa jin haushin kaina ba sai rannan. Ashe duk azabar ga da ta sa namiji cin rawani, ta ɗan zaren nan take bi. Tsarki ya tabbata ga wanda ya shimhiɗa shi.

Ba a daɗe ba kahwaɗun tsoho sunka sauka. Sunka ja ƙafar, sunka ɗaure, shina kallonsu awa ƙafar maƙwabci ce.

Nan rigima ta tashi. Wai ya warke, a miƙo mishi sandarshi, shanu na kasuwa ba mai tsaro. Likita ya ce ƙashin na nan karye, magani zai sake shi kahin gobe, in ya taka ƙafar ta lalace ke nan. Babana daga bakin ƙohwa shina ba da haƙuri, kai sunkuye. Tsoho ya ce ba inda za shi, shi ya san jikinshi, ba yaron likita mai na'ura ba.

Na zagaya ƙarshen gado, na juya mishi baya, na turo ƙugu daidai tahin ƙafar.

"To, ango, ga ni. Ɗaga ta ka hambare ni, in kai ka kasuwa da kaina. In ta ƙiya, motar Sakkwato na waje."